Yadda Ake Shuka Haidiranjiya Mai Ganyen Ok a Bayan Gida da Cikin Tukunya

Bahaushen da ya zo Amurka ya samu gida mai ɗan fili a baya, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne kuɓewa, yakuwa, tattasai da alayyafo. Ni ma haka na yi. Sai dai gidan da muka samu a wajen Atlanta, rabin filinsa yana ƙarƙashin manyan itatuwa, rana ba ta leƙa shi sai da hantsi, kuɓewa kuwa ba ta ga maciji da inuwa. Shekara biyu wannan ɓangaren yana zaune ba komai sai ganyen da ke zuba. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta kira ni wata rana a ƙarshen watan Mayu, ta nuna mini wani ɗan itace a jikin shingenta, ya fi ni tsawo kaɗan, ya yi lif da fararen furanni dogaye masu tsini kamar zangarniyar gero mai kauri. Ganyensa faffaɗa ne mai yatsu, da na gan shi sai ya tuna mini da ganyen kuɓewar da ta ƙi yi mini a wurin.

Turawa suna ce masa oakleaf hydrangea, saboda ganyen ya yi kama da na wani babban itace da ake kira ok. A takardar da ke maƙale da tukunya a wurin masu sayar da tsirrai za ka ga sunansa na kimiyya, Hydrangea quercifolia, kuma wannan sunan za ka duba, don haidiranjiya iri-iri ce. Yawancin waɗanda ake gani a ƙofar gidaje, masu fure shuɗi ko ruwan hoda a dunƙule kamar ƙwallo, asalinsu Japan ne. Wannan kuwa 'yar gida ce a kudu maso gabashin Amurka: Jojiya, Alabama, Misisipi, Tenesi, arewacin Filorida har zuwa Luwiziyana. Masanin tsirrai William Bartram ya gamu da ita a Jojiya a yawon da ya yi a shekarun 1770, ya bayyana ta a labarin tafiyarsa da aka buga a 1791. Jihar Alabama ta ɗauke ta a matsayin furen dajinta na hukuma a 1999.

Inda take fitowa da kanta ya kamata ka riƙe a zuciya, don duk sauran bayanin daga nan ya samo asali. A daji ana samun ta ne a gangaren tudu da gaɓar rafi, ƙarƙashin dogayen itatuwa, inda ruɓaɓɓen ganye ya taru shekara da shekaru, ruwan sama kuma yana sauka ya wuce ba ya kwanciya. Tana son laima, amma ba ta son saiwarta ta kwana cikin ruwa. Ni sai da na kashe ɗaya kafin na gane haka.

Mataki na farko: duba ko garinku zai karɓe ta

Ma'aikatar Noma ta Amurka ta raba ƙasar shiyya-shiyya bisa tsananin sanyin hunturu, kuma wannan itace yana rayuwa daga shiyya ta 5 zuwa ta 9. Idan ka sa lambar ZIP ta unguwarku, wadda ake rubutawa a ƙarshen adireshi, a taswirar ma'aikatar da ke intanet, za ta faɗa maka shiyyarka. Atlanta, Merilan, birnin Niyok da Hustan duk suna ciki. A shiyya ta 5, inda sanyi kan kai digiri 29 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos, itacen zai rayu amma wasu shekarun sanyi yana ƙone idon furen, ka samu ganye kawai. Wanda kuma yake tunanin ya kai ta Kano ko Maraɗi ya haƙura, domin tana buƙatar watannin sanyi na gaske da za ta zubar da ganye ta huta, ga kuma zafin Afrilu da ba za ta iya da shi ba.

Mataki na biyu: zaɓen iri

A nan mutane suka fi yin kuskure, don a tukunyar galan 3 duk kamarsu ɗaya, ɗan tsiro mai tsawon ƙafa biyu da ganye huɗu-biyar, har ka ce bai kai kuɗinsa ba. Bayan shekara biyar ne bambanci ke fitowa.

Idan fili gare ka, ga manya. Alice, wadda Michael Dirr na Jami'ar Jojiya ya zaɓo, tana iya wuce ƙafa 10 a tsawo da faɗi, don haka kada ka kuskura ka sa ta ƙarƙashin taga. Snow Queen ta fi ta kamewa, wajen ƙafa 5 zuwa 6, kuma abin da nake so game da ita shi ne furenta yana tsaye cak ko da an yi ruwan sama mai ƙarfi. Snowflake tana da fure ninki a kan ninki, sabo yana fitowa a kan tsoho, shi ya sa take daɗewa da fure fiye da sauran. Eddie Aldridge na Alabama ne ya fito da ita, kuma lambun da ke ɗauke da sunansa a garin Hoover, kusa da Bamingham, cike yake da ita. Nauyin furen yakan sa rassanta su sunkuya. Harmony ta fi kowa nauyin kai, har rassa su kwanta ƙasa bayan ruwa, ni dai ba ta burge ni.

Ga ƙanana kuma, waɗanda su ne na tukunya ko ɗan lungu. Pee Wee da Sike's Dwarf tsofaffin iri ne da ba su cika wuce ƙafa 3 zuwa 4 ba. Ruby Slippers da Munchkin sun fito ne a 2010 daga aikin Sandra Reed a tashar binciken gandun itatuwa na ƙasa da ke McMinnville a Tenesi. Ruby Slippers takan kai ƙafa 3 da rabi a tsawo, 5 a faɗi, furenta ya fara fari sannan ya rikiɗe ya zama ja mai duhu kamar zoɓo. Munchkin ta fi ta gajarta kaɗan, tana tsayawa a ruwan hoda. Little Honey ganyenta rawaya ne, tana haska lungu mai duhu, amma ba ta jure rana mai zafi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: manyan fararen furannin da ke ɗaukar ido ba sa yin iri, ado ne kawai. Ƙananan da ke ɓoye a ƙarƙashinsu su ne ƙudan zuma ke bi. Idan kana son ka ji gidanka yana gunji da zuma a watan Yuni, ɗauki Alice ko asalin na daji, ba Harmony ba, wadda kusan duk furenta na ado ne. Kuma kada wani ya sayar maka da maganin mai da fure shuɗi. Wannan dabarar ta 'yar Japan ce, tamu ba ruwanta da shi, fari take fitowa ko me ka zuba.

A wurin saye, ka zare tsiron daga tukunya a hankali ka duba saiwar. Idan fara ce ko ruwan ƙasa mai haske, da ƙarfinta, ɗauki. Idan baƙa ce ta yi laushi tana wari, ajiye musu kayansu.

Mataki na uku: wuri

Ranar safe, inuwar yamma. Gabashin gida ko gefen manyan itatuwa, inda za ta samu rana awa 3 zuwa 5 kafin azahar, shi ne daidai a kudu. A arewa, inda rana ba ta da zafi sosai, za ta ɗauki fiye da haka. Tana rayuwa a inuwa mai duhu, amma fure zai yi ƙaranci, jan da ganyenta ke yi da kaka ma ba zai fito sosai ba. Ka nisanta ta daga bakin indararo da duk wani kwari da ruwa ke taruwa.

Kafin ka sa shebur a ƙasa, ka kira lamba 811 kwanaki kaɗan kafin ranar aikin. Kyauta ne, za a zo a yi maka alama a inda bututun gas, wayar lantarki da ta intanet suka bi. A nan ba a haƙa rami da ka.

Sannan ka gwada ƙasar. Haƙa rami mai zurfin ƙafa ɗaya, cika shi da ruwa, bari ya tsotse, ka sake cikawa. Idan ka dawo washegari ka tarar da ruwa a kwance, wurin bai yi ba sai an ɗaga shi. Idan kana son sanin tsamin ƙasar, ofishin malaman gona na gundumarku yana gwadawa da kuɗi kaɗan. Abin da take so shi ne ƙasa mai ɗan tsami, wajen 5 zuwa 6.5 a ma'aunin tsami na pH.

Mataki na huɗu: dashe

A kudu, Oktoba da Nuwamba sun fi, don saiwa tana ci gaba da aiki a ƙasa duk hunturu, kafin zafi ya zo ta kama. A arewa a jira Afrilu ko Mayu, bayan ƙasa ta narke.

Ga yadda na kashe tawa ta farko. Ƙasar Jojiya jan yumɓu ce, irin wadda a gida da an kwaɓa an yi tubali da ita. Na haƙa rami mai zurfi kamar zan dasa mangwaro, na cika shi da baƙar ƙasar buhu mai laushi, na zaunar da tsiron can ƙasa, na yi masa kwari a gindi don ruwa ya tsaya, yadda muke yi wa dashe da rani. Kullum bayan la'asar ina tsaye da mesa. Ashe tulu na gina: bangon yumɓu ba ya barin ruwa ya fita, saiwa tana jiƙe dare da rana. Da ganye ya fara yaushi sai na ce ƙishi ne, na ƙara ruwa. Cikin sati shida ta tafi. Da na tuge ta, saiwar ta zama baƙa tana saɓulewa a hannu. Garin neman gira na rasa ido.

Yadda ya kamata: faɗin ramin ya ninka na tukunyar sau biyu ko uku, amma zurfinsa kada ya wuce tsawon dunƙulen ƙasar da ke jikin saiwa. A yumɓu ma ka bar saman dunƙulen ya ɗara ƙasar wurin da inci ɗaya ko biyu, ka tara ƙasa a gefe ta gangara, kamar ƙaramin kunya. Ka karce bangon ramin da bakin shebur don kada ya yi sulɓi. Idan saiwa ta nannaɗe a cikin tukunya, ka warware ta da yatsu, ko ka ɗan tsaga ta wuri uku. Ƙasar da ka haƙo ita za ka mayar, ka gauraya ta da takin ruɓaɓɓen ganye ko niƙaƙƙen ɓawon itacen fain, kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa da haka. Kada ka zuba yashi a yumɓu, don haɗin zai ƙanƙare kamar siminti. Ka danna da hannu, ba da ƙafa ba, ka ba ta ruwa sosai sau ɗaya.

Idan wurin ya faɗi gwajin ruwa, ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsawon inci 8 zuwa 12, faffaɗa, ka dasa a kansa.

Bayan nan ka shimfiɗa ɓawon fain ko busasshen ganyensa mai kama da allura, kaurin inci 2 zuwa 3, ya rufe duk kewayen. A Jojiya ana sayar da ganyen a ɗaure kamar harawa. Ka bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da gindin itacen. Tsakanin tsiro da tsiro kuwa, manya ƙafa 6 zuwa 8, Alice ma fiye, ƙanana ƙafa 4 zuwa 5. Da farko wurin zai yi kamar wanda aka aske, ka yi haƙuri.

Mataki na biyar: ruwa da taki

Shekarar farko da ta biyu tana buƙatar kimanin inci ɗaya na ruwa a sati, da na sama da naka a haɗe. Gara ka ba ta sosai sau ɗaya ko biyu a sati da ka riƙa yayyafi kullum. Ka sa bakin mesa a ƙasa, kada ka wanke ganye, don jiƙaƙƙen ganye ne ke kawo ɗigo-ɗigon nan masu ruwan ƙasa a ƙarshen bazara. Ɗigon ba ya kashe ta, muni kawai yake sa ta. Ka kwashe ganyen da ya zuba ka zubar.

Ka koyi bambanta yaushi biyu. Da tsakar rana a Yuli ganyen yakan langaɓe ko da ƙasa na da laima, da magariba ya miƙe. Wannan ba komai. Wanda za ka damu da shi shi ne yaushin da ka tarar da asuba. Shi ma kafin ka ɗauko mesa, ka cusa yatsa a ƙasa har gaɓa ta biyu. A bushe, ba ta ruwa. A jiƙe kuma ganye a langaɓe, to saiwa ce ke ruɓewa, ka janye hannunka. Da zarar ta kama, ta fi sauran danginta jure fari nesa ba kusa ba.

Taki kaɗan ya ishe ta: ɗan takin zamani mai narkewa a hankali sau ɗaya a Maris ko Afrilu, ko kwandon takin ganye a kewaye. Bayan Yuli kada ka ƙara, don sabon toho mai laushi sanyi zai cinye shi. Takin da ake zuba wa ciyawar tsakar gida idan ya yi mata yawa sai ta yi ta ganye ta manta da fure.

Mataki na shida: almakashi

Kuskurena na biyu ke nan. Ta biyun da na dasa ta kama lafiya, shekara ta uku ta yi kyau. A watan Fabrairu na fito na ga sanduna tsirara, ɓawonsu yana ɓarewa kamar takarda, cikin launin kirfa. Na ɗauka bushewa ce, na bi su na rage kowane da rabi. Yuni ya zo, ganye kore shar, fure ko ɗaya babu. Uwargida ta leƙo ta taga ta ce, "Maigida, wannan ganyen dai ko na miya ne?"

Dalili shi ne, tana ɗaura idon furen baɗi tun ƙarshen bazarar bana, daga wajen Agusta, a kan rassan da suke tsaye. Duk abin da ka yanke daga lokacin har zuwa fitowar fure, furen ka yanke. Ɓarewar ɓawon kuma ɗabi'arta ce, yana daga cikin adonta na hunturu. Saboda haka idan dole sai ka rage ta, ka yi da zarar fure ya fara dusashewa, a Jojiya ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, kuma ka ajiye almakashi kafin Agusta. Idan ta tsufa ta cushe, ka cire ɗaya cikin uku na tsofaffin sanduna tun daga ƙasa, shekara uku a jere. Reshen da ya mutu ana iya cire shi kowane lokaci, amma ka jira toho ya fito ka tabbatar. Ka karce ɓawon da farce, idan ka ga kore a ciki yana da rai. Gaskiyar magana, wanda ya zaɓi irin da ya dace da girman wurinsa zai iya shekaru bai taɓa ta ba. Busasshen furen ma ni barin sa nake yi, yana da kyau idan raɓa ta daskare a kansa.

Barewa ma almakashi ce. A unguwannin bayan gari suna shigowa da dare a hunturu su cinye kan rassan, wato idon furen. Idan suna zuwa wajenku, ka kewaye ƙaramin tsiro da ragar waya. Ga masu yara ƙanana da dabbobin gida kuma, ganye da furen suna da guba idan aka ci, don haka amsar tambayar uwargida ita ce a'a.

Idan a tukunya za ka shuka

Wanda ke haya, ko yake da baranda kawai, zai iya, amma a tukunya ta fi saurin fushi, kuma matsalar dai ita ce ruwa. Ɗauki ƙaramin iri: Munchkin, Pee Wee, Sike's Dwarf ko Ruby Slippers. Tukunyar da za ta zauna a ciki ta kai inci 18 zuwa 24 a faɗi, da manyan huji a ƙasa. Idan tsiron ƙarami ne sosai kada ka jefa shi cikin babbar tukunya kai tsaye, don ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba tana riƙe ruwa. Ka riƙa ƙara girman tukunyar a hankali. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ta dafa saiwa, tukunyar yumɓu kuma takan fashe idan ruwan jikinta ya daskare. Katako, ko roba mai kauri mai launi mai haske, sun fi.

Kada ka ɗebi ƙasar tsakar gida. Sayi haɗin da ake yi don tukwane, ka ƙara masa niƙaƙƙen ɓawon fain kamar kashi ɗaya cikin uku don ruwa ya riƙa wucewa. Tsakuwar da ake jerawa a gindin tukunya ba ta taimakawa, ɗaga ruwan kawai take yi zuwa kusa da saiwa. Ka ɗora tukunyar a kan bulo biyu ko uku, kuma kada ka bar faranti cike da ruwa a ƙarƙashinta. Ka bar inci biyu tsakanin ƙasa da bakin tukunya, ka rufe da ɗan ɓawo.

Da zafi ka riƙa dubawa kullum da yatsa; idan inci biyu na sama sun bushe, ka zuba har ya fito ta ƙasa. Taki mai narkewa a hankali sau ɗaya a farkon toho, yadda aka rubuta a jikin buhun ko ƙasa da haka. Duk shekara biyu ko uku, a ƙarshen hunturu, ka zare ta ka canza ƙasa, ka rage saiwar da ta nannaɗe.

Hunturu ne jarrabawar tukunya, domin saiwar da ke sama ba ta da bargon da ƙasa ke ba ta. A shiyya ta 7 da ta 8, ka ja tukunyar jikin bango inda iska ba ta bugawa, ka naɗe ta da buhu ko tsohon bargo. A ta 5 da ta 6, bayan ganye ya zuba ka shigar da ita gareji marar ɗumi, kana ba ta ɗan ruwa kamar sau ɗaya a wata don kada ta bushe ƙurmus. Kada ka kai ta falo don tausayi. Ɗumi zai tashe ta daga barci ba lokaci ba.

Ƙara yawansu

Idan ta shekara huɗu-biyar a ƙasa za ka ga 'ya'ya suna ɓullowa daga saiwa a kewayen gindi. A ƙarshen hunturu ka sa shebur mai kaifi ka yanke ɗaya tare da saiwarsa, ka dasa a wani wuri. Hanya ta biyu ita ce wadda tsohuwar nan ta koya mini: ka zaɓi reshe na ƙasa mai lanƙwasuwa, ka ɗan karce ɓawonsa ta ƙasa, ka kwantar da wurin cikin ƙasa, ka danne da bulo, kan reshen yana waje. Baɗi war haka ya yi saiwarsa, sai ka yanke shi daga uwar. Ana kuma yanko ɗanyen reshe mai inci 4 zuwa 6 a farkon bazara a kafa a inuwa, amma wannan ya fi wuya. Ka duba takardar irin tukuna, don sababbin iri da yawa suna da rajistar mallaka ta shekara 20 da ta hana a yaɗa su, kuma tugo tsiro daga gandun gwamnati laifi ne.

Reshen da na danne da bulo a jikin Snow Queen ɗina a Afrilun bara, na ɗaga bulon a farkon Nuwamba, lokacin da ganyen uwar ya koma ja kamar an tsoma shi a ruwan goro. Na ɗan ja shi, na ji ya riƙe ƙasa. Na mayar da bulon, sai Maris zan yanke.